Gurbin Sunan Haulatu

Garzali ɗan Sayibu Mai Gurmi ne, mutumin Gumel. Wanda ya gan shi a bakin ƙofa a Doha, cikin baƙin wando da riga mai ruwan toka, da tambarin kamfanin gadi a kafaɗa, ba zai ce hannun nan ya taɓa riƙe abin kiɗa ba. Gajere ne kakkaura, ba shi da yawan magana. Aikinsa ya duba kati, ya ɗaga ƙarfen ƙofa, mota ta wuce, ya sauke. Awa goma sha biyu kullum, ban da Juma'a.

Amma a bayan ubansa ya tashi. Tun yana shekara bakwai yake bin Sayibu kasuwa-kasuwa, Alhamis Maigatari, Lahadi Gujungu, uban na kiɗa da waƙa, shi yana amshi. Sayibu yana da doka guda wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: duk wanda ya yi maka kyauta kana cikin waƙa, ko goro ɗaya ne, sai ka ambaci sunansa kafin ka ajiye gurmi. Wata rana a Maigatari wani mahauci ya miƙo musu tsire. Garzali ya karɓa, ƙamshi ya ɗauke masa hankali, bai raɗa wa uban sunan mutumin ba. Suna fita daga kasuwa Sayibu ya kwaɗa masa wuyan gurmi a ƙeya.

"Mutum ya fidda abinsa ya ba ka, kai ka hana shi sunansa? Ɓarawo ke nan!"

Ƙullutun ya baje cikin kwana uku. Dokar kuwa ta zauna.

Aure ne ya raba shi da kiɗa. Haulatu 'yar Malam Ismail ce, mai sayar da littattafan addini a Kurna, cikin Kano. Malam ya ce zai ba shi ita in ya bar roƙo. Ya bari, ya koyi tuƙi, ya shiga jigilar kaya tsakanin Kano da Fatakwal. Ita Haulatu ba ruwanta da wannan sharaɗi, na ubanta ne. Tsokanarsa ma take yi.

"Ɗan maroƙi guda a gidana, amma ko baiti ɗaya ban samu ba. Mahautan Maigatari ma sun fi ni gata."

"Zan yi miki."

"Yaushe?"

"In na dawo."

In ta kira shi a waya ta tambaye shi yana ina, amsarsa ɗaya ce: "Ina hanya, bar min ƙofa a buɗe." Ita kuma ta ce, "Kullum kana hanya." 'Yarsu Fiddausi, ita kaɗai ce ta rayu cikin haihuwa uku, da wannan magana ta girma a kunnenta.

Da tuƙi ya daina riƙe gida, wani dillali ya samo masa gadi a Katar. Shekararsa huɗu a can annoba ta zo. Lokacin yana tsaron wani gidan ma'aikata a Umm Salal, inda wani kamfanin Sin ya ajiye mutanensa masu shimfiɗa wayoyin lantarki a filayen ƙwallon da ake ginawa. Aka rufe gidan, ba shiga ba fita, har su masu gadin. Haulatu tana da asma tun tana budurwa. A satin farko na azumi numfashinta ya sarƙe, Kano ma a kulle take. Ba a barin mai gadi ya riƙe waya a bakin aiki, a akwati ake kulle ta. Da ya tashi ƙarfe shida ya tarar da kira goma sha huɗu. An binne ta tun kafin la'asar.

Babu jirgi. Abokan ɗakinsa suka zauna da shi, aka yi addu'a, aka sha ruwa. Washegari ya sa rigarsa ya koma ƙofa, domin babu wanda zai shigo ya canje shi. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Ba jarumta ba ce, ɗakin mutum shida ne, babu inda za a yi.

Bayan babbar salla wani leburan gona da ke maƙwabtaka da su ya ba shi guntun fatar akuya. Kukun gidan, mutumin Indiya, ya ba shi ɓawon kwakwa. Ya yanko sandar tsintsiyar goge-goge da ta karye, ya ɗaura zaren kamun kifi guda biyu. Abin da ya fito ba gurmin da Sayibu zai yarda ya taɓa ba ne, amma yana magana.

Nasidi, abokin ɗakinsa ɗan Fagge, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya saurara ya ce, "Na Gumel, wannan gurmi ne ko sauro ka kama ka sa a ƙoƙo?"

"In ya dame ka toshe kunne."

"Ni dai ina gaya maka, mamaci addu'a yake so, ba garaya ba."

"Ina yi mata addu'a. Wannan alkawari ne."

Don kada ya dami mutane, sai ya riƙa zuwa bayan tankin ruwa ran Juma'a da la'asar. A nan ya tarar da Wen.

Wen ɗan ƙasar Sin ne, mai haɗa wayoyin lantarki, siriri mai tabarau, shekarunsa talatin da 'yan kai. A garinsu Chengdu ya taɓa zama mawaƙi, irin waɗanda ba su da kamfani a bayansu: su rubuta da kansu, su kaɗa da kansu, su ɗauka a ɗaki, su ɗora a intanet, wanda ya so ya ji. Waƙar ba ta ciyar da shi ba, ya ɗauki akwatin aiki ya taho Doha. Da annoba ta rufe ƙananan gidajen rawa na ƙasarsu, sai irinsu duk suka koma cikin waya. Shi ma kowace Juma'a yakan jingina wayarsa da bulo a bayan tanki, inda intanet ke kamawa, ya kaɗa jita kai tsaye. La'asar a Doha, a can an gama cin abincin dare. Mutum talatin ko arba'in ke kallonsa.

Sati biyu kowa na gefensa. A na uku Wen ya taso ya tsuguna, ya nuna gurmin, ya yi magana a wayarsa, wayar ta juya ta da Turanci. Wace waƙa ce wannan da kake maimaitawa? Garzali ya karɓi wayar ya faɗa mata da guntun Turancinsa: matata ta mutu. Wen ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ɗauko jitarsa ya sassauta tsirkiya har ta yi daidai da muryar ƙoƙon kwakwa, ya ɗora wani ɗan makirfo a kan bulo, ya yi masa alama da kai.

Ranar aka fara ɗaukar waƙar. Amshinta ke nan:

Haulatu, bar min ƙofa a buɗe,
Ina hanya, ban iso ba.
Shayin da kika dafa ya huce,
Ina hanya, ban iso ba.

Sauran baitocin ba kirari ba ne. Ya faɗi kekenta na ɗinki da ke cin zare, da tarinta na asuba, da yadda take ɓoye masa makullin mota in ba ta so ya yi tafiya. Har ya ce tuwonta yana gudaji. Minti bakwai ce, sunanta ya fito sau tara.

Da Wen ya roƙe shi su yi ta kai tsaye, Garzali ya kafa sharaɗi: ban da fuska. Takardar kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi, ta hana shi wani aiki ban da gadi, kuma Malam Ismail yana raye. Saboda haka daga wuya zuwa ƙasa wayar ke ɗauka. Mutanen Sin ba su taɓa ganin komai nasa ba sai hannu biyu da ƙoƙo.

Masu kallo suka tashi daga arba'in zuwa ɗari huɗu, daga nan suka shiga dubbai. Rubutu yana ta hawa a fuskar waya, Wen yana tsinto masa. Wata ta ce ita ma ba ta ga gawar mahaifinta ba. Wani ya tambayi yadda ake faɗin sunan matar, Wen ya rubuta musu da baƙaƙensu, sai ga shi suna ta jera shi duk lokacin da amshi ya zo. Garzali ba ya iya karanta ko ɗaya, amma ya gane siffar baƙaƙen nan uku. Yakan duba ya ga sun fito, sannan ya ci gaba.

Akwai kuma wasu hotuna da ke tasowa su ɓace: fure, zuciya, wani lokaci mota. Ya tambaya. Wen ya ce kyauta ce, masu kallo ne ke saya su aiko.

"Liƙi ke nan," in ji Garzali. "Su wa suka aiko?"

Wen ya ɗaga kafaɗa. Mutane ne kawai.

"A'a. Karanto min sunayensu."

Tun daga ranar, in ya gama amshin ƙarshe, sai ya buɗe wani baiti dabam a bayansa. Wen na karanto suna, shi yana lanƙwasa harshe yana sa shi cikin kiɗa, ɗaya bayan ɗaya, har su ƙare, sannan ya ajiye gurmi. Mutanen can ba su san wannan al'ada ba, sai ta zama ita ce abin da suke jira. Wen ya ce babu wani mawaƙi a duk manhajar da ke yin haka.

A shekara ta biyu aka buɗe hanya ya samu hutu, ya je Kano. Mai haƙar kabari ya kai shi wani layi a maƙabarta, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Wallahi Alhaji, a watan da aka kawo ta mun sha aiki. Tsakanin nan ne da bishiyar can."

Babu allo, babu alama. Ya yi addu'a a kan layin gaba ɗaya ya fito.

Fiddausi tana gidan kakanta, tana karatun jinya. Ta kawo masa abinci ta durƙusa, ya tambaye ta makaranta, ta ce lafiya. Waƙar tana cikin wayarsa a aljihu. 'Yar fari ce, ko sunanta ba ya kira, balle ya zaunar da ita ya ce ga abin da na yi wa uwarki. Ga kuma Malam Ismail a zaure da carbi. Kwana talatin ya yi yana cewa gobe. Ya koma Doha da ita a aljihun.

Kuskuren ya faru ne a farkon shekarar gasar cin kofin duniya. Manhajar da Wen ke amfani da ita ta shirya biki na mawaƙan da ba su da kamfani, kowa minti goma, in lokacinka ya cika a yanke ka a saka na gaba. Wen ya yi sati bai yi barcin kirki ba don murna. Ya yi waƙarsa guda, sannan suka shiga ta Haulatu. Mutum dubu tamanin ke kallo.

Suna cikin baitin ƙarshe sai wani ƙaton jirgin ruwa na zinariya ya cika fuskar wayar. Wen ya kusa sakin jita.

"Babba! Babba!" ya ce da Turanci. "Shulanda!"

Shulanda kamfani ne mai yin iyafis, abin sauraron nan da ake cusawa a kunne. Mutanensu na talla suna cikin masu kallo, suna neman abin da za su ɗauka. Garzali bai san wannan ba. Abin da ya sani, an yi kyauta, an faɗa masa suna. Ya duba Wen, ya ga ya ɗaga yatsu yana lanƙwasa su ɗaya-ɗaya. Lokaci ya ƙare. Babu wurin baitin masu kyauta, amshi ɗaya ya rage. Bai yi tunani ba, ƙeyarsa ce ta yi masa. Sunan gaɓa uku ne, ya zauna daram.

Shulanda, bar min ƙofa a buɗe,
Ina hanya, ban iso ba.

Aka yanke su. Wen ya rungume shi yana tsalle. Garzali ya ce wa kansa sau ɗaya ne cikin tara, kuma ya wuce.

Bayan sati biyu takarda ta zo, da kwali mai iyafis da riguna. Wen bai ɓoye masa komai ba. Ya ce kamfanin yana son waƙar, za a ji ta a Sin, da ƙasashen Larabawa, da Afirka.

"Har Najeriya?"

"Ko'ina."

Garzali ya tuna layin nan na maƙabarta. Ya ga matar da ba ta da allo za a kira sunanta a ƙasashen da ba ta taɓa jin labarinsu ba. Bai tambaya ko duka waƙar za su ɗauka ba. A gidansu ba a gutsurar waƙa, wanda ya karɓa duka yake karɓa. Wen shi ma bai tambaya ba, murna ta hana shi. Garzali ya sa hannu.

Da zafi ya shigo aikin wayoyi ya ƙare, Wen ya koma gida. Shi kuma aka mayar da shi ƙofar wani benen baƙi a unguwar Al Mirqab.

Saura kwana tara a fara gasa, ran Juma'a, suka je kasuwar Asian Town shi da Nasidi sayen takalmi. Suna wucewa ta gaban wani shagon waya sai ya ji muryarsa daga lasifika. An ƙara mata ganguna, an sa ta gudu. A allon shagon ga wani saurayi kyakkyawa, ba shi ba, da iyafis a kunne, yana ratsa taron 'yan kallo da gudu zuwa filin ƙwallo. A ƙasa an fassara maganar da Turanci da Larabci. Ashe abin da ya burge su ke nan: ina hanya. Amshin nan mai Shulanda kaɗai suka gutsuro, daƙiƙa goma sha biyar, ta ƙare, ta sake farawa.

Ya tsaya ya ji ta sau shida, ko za a kai wurin sunan.

"Kai, Na Gumel, ka zama tauraro!" in ji Nasidi. "Yalla, mu shiga su ba mu kyauta." Sai ya dubi fuskarsa. Can ya ce, "Ina sunan Hajiyar?"

Garzali ya juya ya bar wurin. Ba su sayi takalmin ba.

Tallar ta isa Kano kafin a buga wasan farko. Hausawa suka ji Hausa a tallar 'yan Sin, abin ya ba su dariya. Masu adaidaita suka ɗauka. 'Yan mata suka riƙa yin bidiyo da ita, miji ya makara a waje, mata ta kulle ƙofa. Wanda aka kira aka ce yana ina, sai ya rera. A Doha ma baƙin da ke benen suna shiga suna fita da ita a waya, shi yana duba musu kati.

Fiddausi ta kira ran wata Juma'a da hantsi. Ta gaishe shi yadda ta saba, ya amsa.

"Baba, muryarka ce."

Ba tambaya ba ce, sai ta ci gaba.

"'Yan ajinmu suna ta yi. Har an ce in zo mu yi bidiyo." Ta ja numfashi. "Maganar nan ai ta gidanmu ce. Wa ka yi wa waƙar?"

"Mahaifiyarki."

"To ina sunanta?"

Ya yi mata bayanin jirgin zinariya, da yatsun Wen, da dokar kakanta Sayibu. Yana faɗa yana jin yadda maganar ba ta da nauyi.

"Su sun ba ka jirgin hoto, ka faɗi sunansu," in ji ta. Muryarta ba ta tashi ba. "Ita shekara ashirin da biyu tana buɗe maka ƙofa."

Fiddausi ba ta taɓa mayar masa da magana ba tun da aka haife ta. Ta ce a gafarce ta, za ta shiga aji, ko da yake ran Juma'a ba su da aji da hantsi. Bayan nan ya kira sau uku ba ta ɗauka ba.

Ya nemi ofishin dillalin kamfanin, ashe yana nan Al Mirqab, titi biyu daga inda yake gadi. Wata budurwa ta saurare shi da ladabi. Da ta gane shi ne mai muryar sai ta kira abokan aikinta, suna so a yi hoto. Ya ce shi so yake a cire tallar, ko a mayar da sunan da ke wurin. Ta ce ba a nan ake yin talla ba, daga can ake aiko ta, kuma ai ga takarda an sa hannu. Khalas, magana ta ƙare. Ta miƙo masa kwalin iyafis. Ya bar shi a kan tebur.

Ya aika wa Wen saƙo. Wen yana kulle a ɗakinsa a Chengdu, annoba ta sake tashi a can. Amsarsa ta zo doguwa, na'urar fassara ta cakuɗa ta, amma ban haƙurin ya fito sau biyar. Ya ce yana da ɗaukar farko, ta bayan tanki, wadda babu kowa a cikinta sai matar. Zai ɗora ta a babbar manhajar sauraron waƙa, ya sa mata sunanta, duk wanda ya nemi waƙar talla ya tarar da ta gaskiya.

Ya ɗora. Garzali ya buɗe ya ga baƙaƙen nan uku da ya sani, a ƙarƙashinsu kuma an rubuta Haulatu da boko. Ya nuna wa Nasidi. Ya ce in ya tashi aiki gobe zai aika wa yarinyar.

Kafin goben an sauke ta. Manhajar tana da na'ura mai sauraron duk abin da aka ɗora, ta gwada shi da abin da kamfanoni suka yi wa rajista. Ta saurari Garzali a bayan tanki, ta ce wannan kiɗan tallar Shulanda ne. Wen ya rubuta ƙorafi, aka ba shi amsar da ake ba kowa. Ya sake ɗorawa, aka sake saukewa, aka gargaɗe shi cewa in ya ƙara za a rufe shafinsa, da duk waƙoƙinsa na shekara goma.

"Na'urar ta ce mun sata," in ji saƙon Wen.

Garzali ya daɗe yana kallon kalmar. Ba na'urar ce ta fara kiransa ɓarawo ba. Ya rubuta wa Wen ya bari haka, kada ya rasa shafinsa.

Saura hanya ɗaya, wadda tun shekara biyu da suka wuce take a buɗe. Ranar wasan ƙarshe, da safe, kafin a kulle wayoyi a akwati, ya nemo ɗaukar farko a cikin wayarsa ya tura wa Fiddausi. Bai rubuta komai a ƙasa ba. Ya yi awa goma sha biyu a ƙofa, gari ya cika da tutoci da hon, wasu samari suka wuce suna rera masa Shulanda ba su san ko shi wane ne ba. Ya duba musu kati ya ɗaga ƙarfe.

Ƙarfe shida ya karɓi wayarsa. Saƙon murya ɗaya ne, gajere. Ya koma gefen bene ya kara a kunne.

Da farko ba a jin komai sai numfashi.

"Baba, na ji. Tuwon Umma ba ya gudaji. Sau ɗaya ne, ranar ma itacen ne ɗanye." Ta ja hanci. "Na ajiye ta a wurina. Don Allah kada ka ƙara rera ta a gaban kowa."

Ya danna ya ce, "To."

Da ya koma ɗaki ya sassauta zaren gurmin, ya naɗe shi a tsohuwar riga, ya sa a ƙasan akwati. Nasidi yana kallo, bai yi tsokana ba.

Tallar ta yi wata biyu tana yawo, kamfanin ya fito da sabon kaya da sabuwar waƙa. Masu adaidaita suka koma wata. Wen yana aiko gaisuwa duk salla, ya ce masu kallonsa har yanzu suna tambayar mai ƙoƙo. Malam Ismail ya rasu bai taɓa sanin muryar wa jikokin maƙwabta ke kwaikwayo a ƙofar gidansa ba.

Garzali yana nan a Al Mirqab, ya ƙara ƙiba, gwiwa ta fara damunsa. Fiddausi ta gama karatu, tana aiki a wani asibiti, takan kira shi ran Juma'a. Ba su ƙara tayar da maganar waƙar ba. In ta tambaye shi yana ina, yakan ce yana ɗaki, ko yana bakin aiki.